Waƙa Ɗaya, Ɗauka Uku: Wane Ɗanƙwairon Kake Saurare?

Mai karatu, wannan watan ka yi mini haƙuri, zan ɗan jingine batun fim da littafi a gefe, mu leƙa gidan makaɗan fada. Kada ka yi saurin juya shafi. In dai kai mai kallon finafinanmu ne, ka sha jin an sako kiɗan kotso daidai lokacin da sarki zai fito zaman fada, ko ana hawa. In kuma karatun littafi ka fi so, ka sha ganin marubuci ya sa wani dattijon Alhaji ya kishingiɗa a falo yana sauraren Ɗanƙwairo. To, tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: wane Ɗanƙwairon? Domin kuwa na gano cewa mutum uku za su iya rantsewa sun san waƙa guda, alhali kowannensu abin da ya ji daban ne.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da aka yi a gabana a Rabah, inda na je ɗaurin auren ɗan wani kawuna. Bayan an watse, dattawa sun koma inuwa, sai wani yaro ya kunna waƙar 'Yandoton Tsafe a waya. Nan take kawun nawa ya ɗaga hannu ya ce, "Kashe wagga! Wanga ba shi ne Ɗanƙwairon da munka sani ba." Wani abokinsa, tsohon malamin makaranta daga Wurno, ya ce, "Alhaji, ai wanda kaka nufi na rediyo ne. Ni ko na tsuhwa nika so, sa'ad da murya tay yi nauyi." Sai yaron mai waya, wanda a Goronyo yake sana'a, ya sa baki cikin ladabi: "Baba, ai wagga ta hi daɗi, nan yana da ƙuruciyarsa." Aka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ni kuwa da ba na son a bar zance a rataye, sai na roƙi kowannensu ya ba ni aron tasa. Kawu ya ba ni kaset, malam ya ce in same shi Wurno, yaro ya tura mini tasa a waya. Na zauna na saurare su ɗaya bayan ɗaya, na maimaita, na sake maimaitawa. Ga abin da kunnena ya jiyo mini.

KAFIN MU KUNNA RIKODA

Saboda yaran yanzu, bari mu tuna wane ne muke magana a kansa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo mutumin ƙasar Bakura ne ta wajen haihuwa, amma da Maradun aka fi danganta shi. Duk garuruwan nan biyu suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996. Gadon kiɗa ya yi: mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, wansa Kurna makaɗi ne, kuma a ƙarƙashinsu ya yi amshi tun yana yaro kafin ya zama jagora. Wannan batu na amshi ka riƙe shi, mai karatu, za mu dawo kansa.

Sunansa ya game Arewa ne a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda ya yi wa shahararriyar waƙar nan "Mai Dubun Nasara". Shi ya sa a Rabah ba a ɗaukar zancen Ɗanƙwairo da wasa. A nan aka haifi Sardauna, a nan ya yi hakimci tun daga 1934, kafin a naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Kakan mahaifin nasa kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Wurno yake kwance tun 1837. Ka ga ke nan mutanen wannan yanki suna jin waƙoƙin fada kamar ana karanta masu tarihin gidansu ne.

Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, Ɗanƙwairo ya ƙara shekara 25 yana waƙa da yawon fadoji, har Allah ya karɓi abinsa a 1991, yana da shekaru fiye da 80. A wannan tsawon lokaci ya waƙe sarakuna irin su Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma ci gaba da rera waƙoƙin ubangidansa 'Yandoton Tsafe. Zamanin ya yi daidai da yaɗuwar kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Saboda haka yawancin abin da ke hannun jama'a na muryarsa daga wannan zango na ƙarshe ya fito.

Sai kuma kalmomin aiki. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya tsara mana sunayen sassan irin wannan waƙa. Akwai gindin waƙa, wato abin da ake komawa kansa a kai a kai. Akwai ɗiya, wato rassan da ke fita daga gindin. Akwai jagora, akwai 'yan amshi. 'Yan amshi kuwa aikinsu ya wuce maimaita gindi: suna yi wa jagora ƙari, suna tarbe shi kafin ya dire, suna yi masa rakiya. Duk wanda zai auna ɗaukar waƙar fada, waɗannan zai sa wa kunne, tare da kiɗan kotson kansa, wannan ganga mai baki ɗaya da ake bugawa da hannu ana matsa tsirkiyarta don ta canza murya.

TA RABAH: TSAF-TSAF KAMAR AN WANKE

Kaset ɗin kawu daga rediyo aka kwafe shi, domin a ƙarshensa ana jin mai gabatarwa ya fara magana kafin a danne. Daga jin farko ka san a ɗaki aka ɗauka. Babu hayaniya, babu guɗa, babu kukan yaro. Muryar jagora na gaba, 'yan amshi na biye a bayansa, kotsanni can ƙasa inda aka ajiye su don kada su danne magana.

Kyawun wannan ɗauka a fili yake. Kowace kalma tana fita. In ɗalibi ne kai kana son ka rubuta matanin waƙar, to wannan za ka nema, domin har hausar yamma ta bakinsa, da yadda yake nannaga harafi, duk za ka tsince su ba wahala. Muryar tana da ƙarfi, tana hawa inda take so, ta sauka inda take so. Shi yake ɗauko ɗa, shi yake kai shi kusan ƙarshe, 'yan amshi su karɓa su mayar gindi. Komai a kan tsari, kamar sojoji a fareti.

Amma fa akwai abin da na rasa. Waƙar fada ana yin ta ne a gaban mutum. Makaɗi yana kallon fuskar ubangidansa, yana kallon fadawa, yana lura da wanda ya sunkuyar da kai lokacin da habaici ya wuce. A ɗakin rediyo babu kowa sai na'ura da mai kula da ita, da agogo a bango. Shi ya sa za ka ji zugar tana fita amma ba ta da inda za ta sauka, habaicin ya fita bai sami wanda zai soka ba. Sannan ga gaggawar lokaci: da an gama ɗa sai a faɗa wani, ba a bari kiɗa ya yi numfashi. Waƙar ta ƙare ne don shiri ya ƙare, ba don makaɗi ya gaji da faɗa ba.

Ban ga laifin kawu ba da ya riƙe wannan a matsayin ta gaskiya. Ita ya tashi yana ji a akwatin rediyo, daga Kaduna ko daga Rima. Abin da kunne ya saba da shi tun ƙuruciya, shi yake zame wa mutum ma'auni. In zan ba ta maki, ta ci na tsabta da na fitar kalma. Na ɗumi kuwa, ta sami rabi.

TA WURNO: TSOHO A TSAKIYAR JAMA'A

Na sami malam a gidansa da hantsi, ya fito da wata tsohuwar jakar fata cike da kasakasai. Wanda muke nema ba shi da ko takarda a jikinsa, sai wani ɗan jan zare da aka ɗaura don shaida. Ya ce a kayan mahaifinsa ya gaje shi. Muka sa a rikoda, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da hayaniya, ka biya ta, abin na ciki."

Gaskiyarsa. Minti biyun farko sai da na ji kamar in ce a kashe. An ɗauka ne a fili, kuma ga alama an ajiye rikodar kusa da makaɗa, don haka kotsanni sun yi kane-kane a gaba. Iska na bugun na'ura, ana jin mutane na gaisawa, wata mata ta rangaɗa guɗa har sautin ya fashe, sanƙira na ta kai da kawo da kirari. Muryar jagora kuwa ta tsufa, wannan ba a ɓoye yake ba. Ta yi kauri, ta yi ƙasa, tana ɗan karcewa in ya ja ta. Wuraren da a ɗaukar rediyo yake haurawa sama ya tsaya, a nan ba ya ko gwadawa.

To amma da kunnena ya zauna, sai na fara jin abin da malam yake nufi. Tsohon nan ya san abin da ya rage masa, kuma ya san yadda zai kashe shi. Ba ya ɓarnar numfashi. Sai ya ɗauko ɗa da kalma uku ko huɗu, ya sake shi, 'yan amshi su cafe tun bai taɓa ƙasa ba, su ƙarasa, su yi ƙari, shi kuma yana can yana jiransu a bakin gindi. Wani lokaci ma ba ya furta kalmar, gyaran murya kawai zai yi, su kuma sun riga sun san ɗan da yake nufi. Irin wannan fahimta ba a samun ta sai tsakanin mutanen da suka shekara da shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. A nan ne na tuna cewa shi kansa da amshi ya fara. Wanda ya yi amshi shi ya san nauyin da ɗan amshi zai iya ɗauka, ya kuma san daidai inda zai ɗora masa.

Abu na biyu shi ne shiru. Akwai wurare uku da ya yi tsit, ya bar kotso shi kaɗai yana magana. A ɗaukar rediyo babu wannan ko sau ɗaya. A shirun farko za ka ji jama'a sun ci gaba da surutu. A na biyu surutun ya ragu. A na uku kuwa filin ya yi tsit tare da shi, har kana jin tafin hannu na sauka a fatar ganga. Da ya dawo da murya, ƙasa-ƙasa ya dawo, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Matashi da ƙarfin murya yake kama taro. Wannan tsoho da shirunsa ya kama nasa.

Abu na uku, waƙar ta fi tsawo, kuma jerin ɗiyanta ya bambanta. Wasu da ke farko a ta rediyo sun koma tsakiya, akwai kuma waɗanda babu su sam a waccan, da alama don mutanen da ke zaune a wurin aka yi su. Ana jin inda wani habaici ya faɗa, domin dariya ta tashi daga gefe guda na taron, ɗaya gefen kuwa shiru. Kai da kake saurare bayan shekaru masu yawa ba ka san wanda aka soka ba, amma ka san an soki wani, kuma yana wurin.

Aibinta? Akwai. Kalmomi da dama sun nutse cikin kiɗa, sai wanda ya riga ya san waƙar zai tsamo su. Akwai inda aka juya kaset aka rasa wani yanki. Akwai kuma wuri guda da wani ɗan amshi ya riga 'yan'uwansa shiga, aka ɗan yi karo. Duk da haka, in aka ce in ɗauki ɗaya in bar biyu, wannan zan ɗauka, ba tare da na yi dogon tunani ba.

TA GORONYO: ƘURUCIYAR ARO

Saura ta yaro mai waya. Ya ce a wajen masu tura waƙoƙi a kasuwa ya same ta, cikin jerin waƙoƙi fiye da ɗari da aka zuba masa a memori. Da ka kunna za ka ji ta da zafi-zafi. Kiɗan na gudu, muryar siririya ce, ga wani amsa-kuwwa da aka ƙara mata kamar a cikin rijiya ake waƙar. Ba mamaki da ya ce ta ƙuruciya ce.

Sai dai tun a saurare na biyu wani abu ya tsaya mini a rai. Guɗar nan da ta fasa sauti a kaset ɗin Wurno, ga ta nan a daidai wurin. Karon da ɗan amshi ya yi, ga shi nan. Dariyar gefe guda, ga ta nan. Jama'a, ashe ɗauka ɗaya ce! Ta Goronyo jikanyar ta Wurno ce, ko dai 'yar'uwarta da suka fito daga uwa ɗaya, sai dai ta sha wuya a hanya.

Ga yadda abin yake faruwa. An ƙera kaset ne ya riƙa tafiya da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. In rikodar da aka yi ɗauka da ita batirinta ya yi sanyi, zaren zai tafi a hankali, in an zo saurare a lafiyayyar rikoda sai waƙa ta yi sauri. Haka nan in na'urar da aka kwafa da ita tana da gaggawa. Ƙarin gudu na kashi 6 cikin 100 kacal ya isa ya ɗaga murya mataki guda, ya kuma mayar da waƙar minti 17 ta koma minti 16. A yi irin wannan kwafi sau biyu ko uku, daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa faifan CD, daga nan zuwa kwamfuta, sai ka tarar an mayar da dattijo ɗan saurayi. Da na sa su gefe da gefe, muryar Goronyo ta fi ta Wurno tsini a ko'ina, har kotson ma ya koma kamar ƙaramin kalangu.

Ba a tsaya nan ba. Wani mai gyara a kwamfuta ya ga shirun nan uku ya ɗauka lalacewar kaset ce, ya datse biyu daga ciki. Ya rage hayaniyar taro, abin da ya tafi da kaurin muryar tare da ita. Ya yanke farkon, inda makaɗa ke daidaita hannu kafin jagora ya shigo. Wato duk abin da ya sa ɗaukar Wurno ta zama abin da ta zama, shi aka bi aka share da sunan gyara. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Ban ce yaron ya yi laifi ba, ban kuma ce masu tura waƙa mugaye ne ba. Don Allah, ba don su ba, da yara da yawa ba su taɓa jin sunan Ɗanƙwairo ba. Amma abin tsoron shi ne wannan gurguwar ɗauka ita ta fi yawo. Ita ke cikin wayoyi, irinta ake ɗorawa a intanet, irinta mai haɗa sautin fim zai lalubo in yana gaggawa. Kaset ɗin malam guda ɗaya ne a cikin jaka. Nan da shekara 20, wacce kake jin za a kira ta asali?

YADDA WASU KE YI DA NASU

Irin gardamar da aka yi a Rabah, Turawa sun daɗe suna yin ta a kan nasu makaɗan. Misalin da ya fi kusa shi ne na wani Bajamushe, Ludwig van Beethoven, wanda aka haifa a 1770 ya mutu a 1827. A shekarunsa na ƙarshe, bayan ya kurumce, ya tsara wasu kaɗe-kaɗe guda biyar da ya kammala a 1825 da 1826, na mutum huɗu masu goge: ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kaurin murya. Mutanen zamaninsa da yawa sun kasa gane kansu. Akwai ma wani yanki mai wuyar saurare da mai buga masa takardu ya roƙe shi ya cire, ya sauya da wani mai sauƙi, ya kuwa yarda. Yau waɗannan kaɗe-kaɗe na tsufa su ake ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa.

Tun da aka fara ɗaukar sauti, ƙungiyoyin masu goge ke ta maimaita su. Ƙungiyar Busch ta ɗauki nata a shekarun 1930, a kan faifan garmaho mai ƙara kamar ana suya. Wata ƙungiya ta Italiya ta yi nata a shekarun 1960, sumul-sumul. Ƙungiyar Takács ta yi nata a farkon shekarun 2000 da na'urorin zamani. Har gobe masu saurare na musu: wani ya ce tsabtar sabuwar ɗauka yake so, wani ya ce duk da ƙarar faifan, ba wanda ya kai Busch sanin inda ake jan kiɗa a hankali. Wani yanki na waɗannan kaɗe-kaɗe, wanda ƙungiyar Budapest ta kaɗa, yana cikin faifan zinaren da Amurka ta liƙa a kumbon Voyager a 1977 aka harba sararin samaniya.

Ka ga musun iri ɗaya ne da na kawu da malam. Amma akwai bambanci babba, kuma shi ne dalilin da ya sa na kawo misalin. Shi Beethoven a takarda ya rubuta kiɗansa, da alamomin da ke nuna kowane sauti da tsawonsa. In wata ƙungiya ta yi gudu fiye da kima, sai a buɗe takarda a ce mata ga abin da mai shi ya rubuta. Kuma yawanci faifai yana ɗauke da sunayen makaɗa huɗun, da shekara, da garin da aka ɗauka. Mu kuwa namu makaɗin a ka ya tsara, a baki ya ajiye, kuma duk rerawa sabuwar haihuwa ce. Manazarta irin su Farfesa Gusau sun yi ƙoƙari sun rubuce matanin waƙoƙi masu yawa, Allah ya saka masu. Sai dai takarda kalma take riƙewa. Ba ta riƙe kaurin murya, ba ta riƙe tarben 'yan amshi, ba ta riƙe shiru. Su in faifai ya lalace takarda na nan. Mu in kaset ya lalace, wannan ranar ta tafi ke nan har abada.

HUKUNCINA

In taƙaice maka, mai karatu: ta Rabah ta ɗalibi ce, ta Wurno ta mai saurare ce, ta Goronyo kuwa ta mai gaggawa ce. Kawu yana da gaskiya cewa muryar rediyo ta fi ƙarfi. Malam ya fi shi gaskiya cewa gwanintar ta fi nuna a tsufa. Yaro kuwa an sayar masa da tsoho a rigar saurayi, bai sani ba. Masu cewa makaɗi in ya tsufa ya ƙare, ina ganin da ma'aunin mawaƙin fim suke awo, inda murya ɗaya ke ɗauke da komai a kan fiyano. Waƙar fada aikin ƙungiya ce. Ƙarfin jagora na raguwa, sanin ƙungiya na ƙaruwa, kuma a ɗaukar tsufa ne ake jin wannan sanin ƙarara.

Saura roƙo. Na farko ga duk mai tsohon kaset a gida, na Ɗanƙwairo ne, ko na Narambaɗa, ko Salihu Jankiɗi, ko Sa'idu Faru: kada ka raina shi don yana da hayaniya. Zafi da ƙura da damina suna cin zaren kaset a hankali. Ga kuma halin da gabashin Sakkwato ya shiga na 'yan bindiga, wanda harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ya isa misali. Wanda ya bar ƙauyensu da dare ba ta jakar kaset yake yi ba. In kana da hali, ka sa a juye maka shi a kwamfuta yadda yake, ka ce kada a gyara komai, kada a yanke komai. Ka rubuta abin da ka sani a kansa: wa ya ba ka, a ina, tun yaushe. Ko layi biyu ne, wata rana za su yi wa wani amfani.

Na biyu ga gidajen rediyo da talabijin da sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da wannan yanki: a riƙa bambanta ɗauka da ɗauka. In za a sa waƙa, a gaya wa mai saurare ta ɗaki ce ko ta fili. Na uku ga 'yan fim: in za ku sa muryar dattijon nan a bayan sarkinku, ku nemi mai kyau, ku kuma rubuta sunansa a jerin sunaye. Bai kamata mutumin da ya yi wa sarakunan gaske waƙa ya koma kiɗan cike gurbi marar suna a fadar kwali ba.

Da na mayar wa malam kaset ɗinsa, na gaya masa abin da na gano game da ta Goronyo. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "To ka gaya ma Alhaji, mu biyu munka yi gardama, yaro ko da inuwa tai ta kokowa." Na isar da saƙo. Kawu ya ce shi dai har yanzu ta rediyo ce tasa, amma in an sake taruwa a zo da ta Wurno a sa masa, daga farko har ƙarshe, kuma kada wanda ya yi magana a wurin shirun.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo da sauran magabatanmu. Kai kuma mai karatu, in akwai wata ɗauka a hannunka da ta saɓa wa waɗannan uku, rubuto mana ta adireshin mujalla, mu ji naka hukuncin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.